Wa Zai Yi Jinyar Likita?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin da Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani, Wanda Ya ja kwananmu har muka riski wannan wata mai alfarma. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har ranar sakamako.

  Yau azumi goma sha biyu muka kai a Ramadan na shekara ta 1442. Bisa tsarin karatunmu babin i'itikafi ya kamata mu buɗe a daren nan, amma na ajiye shi sai gobe, saboda wata magana da ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya, wadda nake tsoron Allah Ya tambaye ni idan na yi shiru a kanta.

Shekaranjiya bayan sallar asuba jama'a suka watse, sai wani yaro ya rage a sahun baya. Na ce yaro ne don a gabana aka haife shi, amma magidanci ne mai ƴaƴa huɗu, kuma ma'aikacin jinya ne a asibiti. Mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, tare muka yi karatun allo. Ya matso ya durƙusa, ya daɗe bai ce kome ba, sannan ya ce: "Baba, ina tsammanin imanina ya tafi." Na ce: "Ɗana, me ka gani?" Ya ce shekara guda ke nan bai yi barcin kirki ba. In ya rufe ido sai fuskokin waɗanda suka cika a hannunsa su riƙa zo masa ɗaya bayan ɗaya. Yana tsaye a salla bai san raka'a nawa ya yi ba. Ƴarsa ƙarama ta taho da gudu za ta rungume shi ya daka mata tsawa, bai san dalili ba. Abin da ya fi tayar masa da hankali kuwa, a kwanan nan wani tsoho ya rasu a gabansa, ya ja mayafi ya rufe shi, bai ji kome a zuciyarsa ba, kamar wanda ya rufe ƙwarya. Ya ce: "Baba, ba wannan ce bushewar zuciyar da kuke faɗa a wa'azi ba?" Na nemi izininsa in kawo maganar nan ba tare da sunansa ba, ya yarda, domin ya ce irinsa suna da yawa a wurin aikinsu, kowa yana ɓoyewa.

Kafin in ba ku amsar da na ba shi, sai na fara da laifina. Kun tuna bara. Ranar 19 ga watan Maris na 2020 aka bayyana mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Yamai. Aka rufe masallatai, aka killace babban birni, aka sa dokar hana fita da dare. Azumin bara ya kama masallatai na kulle, ba a buɗe su ba sai ranar 13 ga watan Mayu. Zukata suka yi zafi, matasa suka ƙona tayu a kan tituna. Ni da nake limanci fiye da shekara talatin, ban taɓa ganin Juma'ar da aka hana ni hawa mumbari ba sai a lokacin. Cikin wannan ɓacin rai, a zaurena, gaban almajirai da maƙwabta, na ce likitoci ne suka ƙulla wannan abu don su ci kuɗin Turawa. Na faɗa ba da ilimi ba. Ashe yaron nan yana bakin zaure, ya taso daga aikin kwana, ya biyo ya gaishe ni. Ya juya ya tafi ban sani ba, sai shekaranjiya ya gaya mini. Na roƙe shi gafara a can, ina kuma roƙon sauran abokan aikinsa a nan, tunda a bainar jama'a na yi maganar. Hujjar cewa cutar gaskiya ce ba ta yi wuyar samu ba: ranar 3 ga watan Mayu na barar nan ta ɗauke ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar, kuma saboda ita alhazanmu ba su sami zuwa aikin Hajji ba.

A bakinmu na mutanen Nijar, duk wanda ya sa farar riga likita ne, ko babban dokta ne, ko mai allura, ko ungozoma, ko mai awon jini. To, da wannan ma'ana nake magana, har da mai shara da mai tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya. Ku tsaya ku auna abin da mutanen nan suka ɗauka. Mu an ce mana mu nisanci mai tari, su an ce musu su matsa kusa da shi. A tsakiyar bazara, zafin da ya wuce awo 40, mutum ya shiga rigar leda tun daga kai har ƙafa, da takunkumi a baki da hanci, da azumi a bakinsa. Majinyata biyu suna haki, tukunyar iskar numfashi ɗaya ce, sai ya zaɓi wanda zai sa wa, sannan ya kwana da wannan zaɓi a ƙirjinsa. Ya ga abokin aikinsa da suka ci tuwo tare jiya, yau yana kwance a gadon da suke kwantar da wasu. In ya tashi aiki ya nufi gida, sai tsoro ya tare shi a ƙofa, don akwai tsohuwa a ɗaki mai ciwon suga ko hawan jini, kada ya zama shi ne ya kai mata ajali. Wasu sun yi watanni suna kwana a zaure, suna gaida iyayensu ta taga. Bayan wannan duka, ya fito unguwa a ja yara daga gabansa, mai shago ya karɓi kuɗinsa da bakin yatsa, a majalisa a ce ga maƙaryatan nan.

Kuma ba da korona wahalarsu ta fara ba. Su ne suka tsaya a kan sanƙarau na 2015 a Yamai, su ne suka tsaya a kan amai da gudawa na 2018 a Madarumfa. Kowace damina kuwa zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna cika ɗakunan yara, har a kwantar da biyu ko uku a gado ɗaya. Jakin da aka saba ɗora wa kaya ma akwai ranar da yake durƙusawa, balle ɗan Adam.

Na san wani zai ce: Malam, ai su ma ba kanwar lasa ba ne, akwai mai tsawa ga mai naƙuda, akwai mai sayar da maganin da aka ce kyauta ne. Gaskiya ne, in ɓera da sata daddawa ma da wari, kuma wanda ya ci amanar majinyaci zai tsaya gaban Allah. Wannan wa'azin wata rana ne, mun yi shi a baya za mu kuma sake. Sai dai ku sani, wata tsawar ba daga mugun hali take fitowa ba, daga mutumin da ya kwana uku bai runtsa ba take fitowa.

To, ga abin da na ce wa ɗan nan nawa. Na ce masa zuciyar da ta bushe ba ta zuwa masallaci da asuba tana kuka a kan bushewarta. Abin da ya same shi gajiya ce da rauni, irin wanda yake samun zuciya kamar yadda targaɗe yake samun ƙafa. Hannun da ya daɗe riƙe da igiyar guga yakan yi kanta har ya daina jin zafi, kuma ba don hannun ya mutu ba ne. Wanda ya ce duk mai ƙuncin rai mai raunin imani ne, to, ya faɗi abin da zai kunyata shi idan aka buɗe tarihin annabawa. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma da shi ake buga misalin kyakkyawan haƙuri. Nana Maryamu, da naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai, ta yi burin da ma ta mutu kafin wannan rana. Ba a tsawata mata ba. An lallashe ta, an gudano mata da ruwa, an zubo mata da ɗanyen dabino, an umurce ta ta ci ta sha ta kwantar da hankalinta. Shugaban halitta kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shekarar da ya rasa Nana Hadiza da baffansa Abu Ɗalib malaman tarihi suna kiranta shekarar baƙin ciki, kuma idanunsa sun zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya cika. Wane ne a cikinmu zai ce ya fi waɗannan tawakkali?

Annoba ma ba baƙuwa ba ce ga wannan al'umma. A shekara ta 18 bayan Hijira, zamanin halifancin Sayyidina Umar, annobar Amwas ta sauka a ƙasar Sham. Ta ɗauke Abu Ubaida ɗan Jarrah, da Mu'azu ɗan Jabal, da Yazidu ɗan Abu Sufyan, da Shurahbilu ɗan Hasana, da dubban Musulmi, Allah Ya ƙara musu yarda. Umar ya rubuta wa Abu Ubaida yana kiransa Madina, da nufin ya tsamo shi daga cikinta. Abu Ubaida ya gane manufar, ya nemi a yi masa uzuri, don ba zai bar mutanensa ba. Da amsar ta iso, Umar ya karanta ya fashe da kuka. Duk likitan da ya sami hanyar gudu bara bai gudu ba, yana da rabo daga wannan tsayuwa ta Abu Ubaida. Mu kuwa da muke gida, ko kukan Umar ba mu yi musu ba.

Sai maganar da ta fi cin ransu, wato zargin kai. Yaron nan ya ce akwai wata mata da har gobe yake cewa da ya zo da wuri da minti goma, da wataƙila tana raye. Ya ɗana, da duk mai irin wannan tunani, ku saurari hukuncin shari'a. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa likitan da ya san aikinsa, aka yi masa izini, ya yi abin da masana aikin suke yi bai yi sakaci ba, idan majinyaci ya mutu babu ramuwa a kansa kuma babu zunubi. Wanda ake kamawa shi ne wanda ya shiga aikin bai iya ba, ko ya yi ganganci. An ɗora maka yin sababi, ba a ɗora maka rayarwa ba. Ajali ba ya cikin aljihun farar rigarka. Wanda ya zaɓi ɗaya cikin majinyata biyu saboda kayan aiki ba su isa ba, ya zaɓa da iyakar saninsa, to tambayar rashin kayan tana kan waɗanda aka damƙa wa dukiyar jama'a. Kalmar "da na yi kaza" kuwa an gargaɗe mu a kanta, domin ƙofa ce da Shaiɗan yake shigowa ta cikinta ya hana bawa barci.

Wata ungozoma kuma ta aiko da tambaya a kan azumi, bari in haɗa ta a nan. Ta ce wata rana bara jiri ya ɗebe ta cikin rigar ledar nan, ta sha ruwa da rana tsaka, tun daga lokacin take ganin kanta a matsayin wadda ta keta alfarmar wata. Ƴata, malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan mai girbi da makamantansa masu aikin wahala: ya kwana da niyyar azumi, ya fita aikinsa, in wahala mai tsanani ta same shi ya sha ruwa, ya rama bayan salla. In ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ruwan ma wajibi ne. Idan an yi wa mai ceton hatsi wannan sauƙi, ina ga mai ceton rai? Rama kwana ɗaya, babu kaffara a kanki, ki sauke wannan dutse daga ƙirjinki.

Yanzu sai mu jama'a. Imamu Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, wato farillar da in wasu suka tsaya da ita ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ma'anar wannan ita ce, yarinyar nan da take kwana a ɗakin haihuwa nauyin da ke wuyana da wuyanka ta ɗauke. Bashi muke ci a wurinta kullum. Ku tuna kuma da Rufaida, sahabiyar da take jinyar masu rauni. A cikin masallacin Annabi aka kafa hemarta, kuma da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, a hemarta aka kwantar da shi don Annabi ya riƙa duba shi daga kusa. Mai jinya a zamaninsu a cikin masallaci take, mu kuwa bara har akwai wanda ya janye kafaɗarsa a sahu don likita ya tsaya kusa da shi.

Abin da ake bukata a wurinmu ba mai tsada ba ne. Dubi abin da Nana Hadiza ta yi ranar da Annabi ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa tana bugawa. Ta lulluɓe shi har firgicin ya kwanta. Ta saurare shi. Ta tuna masa kyawawan halayensa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta kama hanya ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal, wanda yake da sanin irin wannan al'amari. Matar likita, mijin ungozoma, uwar mai allura, ga darasinku. In ya dawo daga aikin kwana a bar shi ya yi barci, a kau da yara daga ƙofar ɗaki, kada a tashe shi don maƙwabci ya kawo takardar magani a duba masa. In ya fara magana a saurara, kada a katse shi da "ai sai haƙuri" tun bai kai aya ba. Haƙuri gaskiya ne, amma akwai mai faɗinsa don ya rufe bakin mai kuka ya huta. Ku mazan da matanku suke wannan aiki, ku ji tsoron Allah: macen da ta kwana tsaye a kan naƙudar matan wasu, ba a tare ta a ƙofa da faɗan abincin buɗa baki.

Nana A'isha, idan aka yi rasuwa a danginta mata suka watse, takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, a ba masu baƙin ciki, saboda abin da ta ji daga Annabi cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya. Mu muna da kunun gero da na tsamiya. Masallacin da yake kusa da asibiti, me zai hana a ɗauki kwano biyu cikin abincin buɗa baki a kai wa masu aikin dare? Mu a masallacinmu mun fara jiya. Ba yunwa ce ta kai su ba, so muke su san an san da su.

Shugabanni kuma, hukumar lafiya ta duniya ta sanya wa wannan shekara ta 2021 sunan shekarar ma'aikatan lafiya. Suna ba ya sa barci. A ƙara hannuwa a asibitoci don wanda ya kwana ya sami hutu, a biya haƙƙi a kan lokaci, a wadata su da kayan kariya, a kula da marayun waɗanda suka rasu a bakin aiki. Na faɗa, Allah Ya shaida.

Ku kuma likitoci, Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Kun iya gaya wa mutane su zo asibiti da wuri, ku kuwa kuna ɓoye naku ciwon har ya ci ƙarfinku. Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abu Darda'i ya tarar ya hana kansa abinci da barci saboda ibada. Ya ƙi cin abinci sai sun ci tare, da dare ya hana shi tashi sai can ƙarshen dare, ya tuna masa cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, kuma Annabi ya gaskata Salmanu. In ibada ba ta halatta wa mutum ya kashe jikinsa ba, aikin asibiti ma bai halatta ba. Kowannenku ya zama Salmanu ga abokin aikinsa. In ka ga ya daina dariya, ya daina cin abinci, yana yawan kuskure, ka ja shi gefe ka tambaye shi.

Tun fiye da shekara dubu, wani malami mai suna Abu Zaidil Balhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, ya wallafa littafi a kan gyaran jiki da rai. Ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sababinsa, da wanda yake sauka ba sababi bayyananne, tushensa a jiki yake, yana bukatar magani. Saboda haka zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba bidi'ar Turawa ba ce. Na san abin da ake tsoro, kada a ce wane an kai shi Pabiyon E na babban asibitin Yamai, shi ke nan an sa masa sunan mahaukaci. Wannan jahilcinmu ne, mu ne za mu tuba daga gare shi. Likitoci da kansu sun ce idan ƙunci da rashin jin daɗin kome suka wuce mako biyu ba sa ɗagawa, lokacin neman taimako ya yi. Addu'a da zikiri da karatun Alƙur'ani ku riƙe su da kyau, ku haɗa da magani, kamar yadda mai karaya yake addu'a kuma ya je wurin maɗori. Ina gargaɗinku da kabad ɗin magani da makullinsa yake hannunku: kada gajiya ta sa ku fara haɗiyar tramol don ku iya tsayuwa, ko ƙwayar barci don ku iya kwanciya, ba da umurnin wani likita ba. Wanda kuma zuciyarsa ta fara raya masa cewa mutuwa ta fi masa, ina haɗa shi da Allah kada ya kwana da wannan shi kaɗai. Ya gaya wa wani a daren nan, ɗan'uwa ko aboki ko limamin unguwa, a raka shi asibiti. Ku kuma limamai ƴan'uwana, in irin wannan ya zo muku, kada ku sallame shi da rubutun sha kawai. Ku yi masa addu'a, ku saka takalmi ku raka shi.

Ɗan nan nawa mun yi alkawari da shi, ranar Litinin zan raka shi wurin wani babban likita da ya sani, ya ce shi kaɗai kunya ba za ta bar shi ya shiga ba. Ku sa shi a addu'a lokacin sahur.

Ya Allah Ka yaye mana wannan annoba. Ka jiƙan waɗanda ta ɗauke, da likitocin da suka rasu a bakin aiki. Ka sanyaya zukatan waɗanda suke tsaye a kan marasa lafiyarmu a wannan dare, Ka ba su barci mai daɗi, Ka mayar da su ga iyalansu lafiya. Ka gafarta mana abin da harsunanmu suka faɗa a kansu ba da sani ba. Gobe in Allah Ya kai mu, bayan sallar asham, za mu buɗe babin i'itikafi.